Gidan Abincin Abu Tarik a Tsakiyar Birnin Alƙahira

Duk wanda ya ware yini guda domin ya zaga tsakiyar Alƙahira, yankin da mutanen Masar ke kira Wust al-Balad, zai buƙaci wurin da zai ci abincin rana ba tare da ya yi nisa da abin da ya kawo shi ba. Ni dai na samu nawa a gidan abincin Abu Tarik da ke titin Champollion, kuma zan ba kowa shawarar ya je.

Na soma da gidan adana kayan tarihi da ke Dandalin Tahrir, wanda aka buɗe a 1902. A watan Afrilun 2021 an kwashe gawarwakin sarakuna da sarauniyoyi 22 daga nan zuwa wani gidan tarihin da ke Fustat, a tsohuwar Alƙahira, amma abin da ya rage ya isa ya cinye wa mutum sa'o'i uku, musamman kayan zinariyar da aka tono a kufan tsohon birnin Tanis. A bakin hanya wani mutum ya tare ni yana cewa ba a buɗe gidan ba tukuna, in fara leƙa shagon turaren ɗan'uwansa. Maganarsa ba gaskiya ba ce, kuma abin ya ɓata mini rai, domin baƙo amana ne.

Daga dandalin zuwa Abu Tarik tafiyar ƙafa ce kaɗan. Gini ne mai hawa-hawa, amma abinci ɗaya tak suka shahara da shi, wato koshari: shinkafa da taliya da makaroni da ƙananan waken da Larabawa ke kira adas, a zuba miyar tumatir, sannan a barbaɗa soyayyiyar albasa mai ƙarmas-ƙarmas. Babu nama ko kaɗan a cikinsa. Da na kai loma ta farko sai na tuna garau-garau, domin shi ma cimar talaka ce da mai kuɗi ba ya raina ta. Akwai ruwan tafarnuwa mai tsami da suke kira dakka, da kuma ruwan barkono mai suna shatta. Shawarata ita ce a yawaita na farko, a bi na biyu a hankali, ko da kuwa mutum ya saba da yaji.

Abin da ya fi burge ni shi ne saurin ma'aikatan. Da yake tukunya ɗaya ce ta kowa, ba a ɓata lokaci wajen zaɓe. Girman kwano kawai za ka faɗa, kafin ka gama gyara zama an ajiye maka shi da zafinsa. Kuɗin kuma bai taka kara ya karya ba. Na rufe da shinkafa da madara mai sanyi, wadda ta kwantar mini da zafin barkonon.

Bayan la'asar na gangara titin Talaat Harb, inda shagunan takalma da tufafi suka yi jere a ƙarƙashin dogayen gine-gine masu fasalin Turai, a unguwar da mai mulkin Masar Khedive Isma'il ya shata a ƙarni na 19. A can na saya wa mahaifiyata takalmin fata, kuma har na koma masauki bayan isha'i ban sake neman abinci ba.