Ka tafi da motarka, ko ka sayar ka sayi wata a can?

Mai shirin komawa wata ƙasa da zama, idan yana da mota, hanya uku ce a gabansa: ya sayar ya sayi wata idan ya isa, ya tura ta ita kaɗai a jirgin ruwa, ko ya haɗa ta da kayan gida a kwantena. Yawanci da kuɗin jirgi ake fara lissafi, alhali shi ne mai sauƙin. Dokar ƙasar da za ka ita ce mai yanke magana.

A Amurka, motar da ba a ƙera bisa ƙa'idarsu ba shigar da ita wahala ne har sai ta cika shekara 25. A Kanada shekara 15 ne. Kenya kuwa tsufa take gudu, ba ta karɓar wadda ta wuce shekara 8, kuma mai sitiyarin dama take so. Ko inda doka ta yarda da sitiyarinka, tuƙi a hannun da ba na motar ba akwai takura, musamman wajen wuce babbar mota, sannan ranar sayarwa masu saye za su karya mata daraja.

Sai haraji, wanda shi ke raba gardama. A Ingila kuɗin fito na mota yawanci kashi 10 cikin ɗari ne, a ɗora harajin VAT kashi 20 a kan jimillar, har da kuɗin dakon. Amma mai ƙaura ana iya yafe masa duka, in ya zauna a waje wata 12 a jere, motar ta yi aƙalla wata 6 a hannunsa, kuma ba zai sayar da ita ba sai bayan shekara guda. Ƙasashen Tarayyar Turai ma kusan sharaɗinsu ke nan. Saboda haka wanda ya sayi sabuwa ana saura wata biyu ya tashi, da nufin ya shiga da ita kyauta, ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago.

In doka ta ba ka hanya, jirgin da ake kira RoRo ya fi araha: a tuƙa motar a shiga da ita, a tuƙo ta a fito. Dole ta kasance tana tashi, mai kaɗan a tanki, kuma galibi ba a barin kaya a ciki. Kwantena ta fi tsada amma a kulle take. Mai ƙafa 20 mota ɗaya take ci, mai ƙafa 40 ta ɗauki mota da kayan ɗaki. Ko wanne ka zaɓa, yi mata inshorar teku, kuma takardu su riga ta isa, don kowace ranar da ta ƙara a tasha kuɗin ajiya ne.

A ganina, motar yau da kullum irin wadda ke cike a kasuwar can ba ta cancanci wannan ɗawainiya ba, sayar da ita kawai. Wadda ake ɗauka ita ce mai tsada da aka yafe wa haraji, ko wadda aka gyara don mai naƙasa, ko tsohuwar da ba ta samuwa. Ita ma kafin ka biya kuɗin jirgi, bincika ko kanikawan can sun san injinta kuma kayan gyaranta na samuwa.