Yadda wani shago ya cire kulle daga tsohon rumbun bayananmu na Access

Ƙungiyarmu ta adashi da lamuni ta daɗe tana ajiye sunayen mambobi da lissafin bashi a rumbun bayanai da aka gina da Access 97, tsohuwar manhajar ajiye bayanai ta Microsoft. Ba mu san akwai matsala ba sai da muka sayi sabuwar kwamfuta fayil ɗin ya ƙi buɗewa, domin daga Access 2013 zuwa sama manhajar ba ta karanta fayilolin wancan zamani. Na ɗauki tsohuwar na'urar na kai wani shagon kwamfuta a Zariya, kuma ga abin da na gani na aikinsu.

Abin da ya fara kwantar mini da hankali shi ne mai shagon bai taɓa komai ba sai da ya nemi takardar da ke nuna cewa shugabannin ƙungiya ne suka aiko ni. Ya ce, "Alhaji, kuɗin jama'a ne a ciki, ba zan buɗe wa kowa ba." Daga nan ya yi kwafi biyu, ya ajiye na asali a gefe.

Ashe kullen namu ba kalmar sirri guda ba ce, wadda idan ka san ta, cire ta ba ya wuce ka buɗe fayil kai kaɗai ka goge ta. Namu irin wanda kowane ma'aikaci yake da sunansa da iyakar abin da zai iya gani ne, kuma sunayen suna zaune a wani fayil daban mai ƙarshen mdw. Da wannan fayil ya ɓata, da aikin ya yi wuya ƙwarai. Allah ya taimake mu yana nan, kuma tsohon sakatarenmu bai manta kalmar shigarsa ba. Da ita aka shiga, aka sakar wa rukunin Users, wato na dukkan masu amfani da rumbun, cikakken izini, aka goge kalmar sirrin Admin, wato sunan shiga da Access ke zuwa da shi tun asali, sannan aka buɗe sabon rumbu aka kwaso teburori da fom da rahotanni cikinsa domin mallakarsu ta koma hannun Admin. Bayan haka mai shagon ya mayar da fayil ɗin zuwa tsarin Access 2003 a wata tsohuwar kwamfuta da yake ajiye da ita saboda irin wannan aiki, daga can ya kai shi tsarin accdb wanda ya zo da Access 2007. Mun zauna tare mun ƙirga layukan kowane tebur, tsoho da sabo, ba a rasa ko ɗaya ba.

Inda na ga gazawarsu shi ne sai da aka gama ya sanar da ni cewa tsarin accdb ba ya ɗaukar wancan kulle na kowa da izininsa. Kalmar sirri ɗaya ce ke rufe fayil ɗin gaba ɗaya, duk wanda ya san ta ya ga komai. A ƙungiyar da mai karɓar kuɗi bai kamata ya iya gyara bashin wani ba, wannan magana ce da ya wajaba a faɗa tun kafin a yi ciniki, domin da na sani da na tsaya a tsarin 2003, wanda har yanzu ake iya sa masa irin wannan izini, har sai kwamiti ya zauna. Haka kuma bai rubuta mana matakan da ya bi ba, sai da na koma na roƙa.

Zan sake kai musu aiki, amma da tambayoyina a rubuce, kuma da fayil ɗin mdw a hannuna.