Madubin bindigar farauta: 3-15x44 ko 5-25x56?

Ɗan'uwa, tun jiya na ga tambayarka, na bari sai na samu natsuwa. Ka ce bindigarka mai cin harsashin .308 Winchester ce, kana so ka riƙa kai harbi har mita 500 a buɗaɗɗen fili, kuma madubai biyu ne suka tsaya maka a rai. Ɗaya 3-15x44, wato yana jawo abu daga sau 3 zuwa sau 15, faɗin gilashinsa na gaba milimita 44, bututunsa milimita 30, mai layukan saiti a baya, wanda ake rubuta wa SFP. Ɗayan 5-25x56, bututu milimita 34, mai layuka a gaba, wato FFP. Da ni ne, ƙaramin zan ɗauka. Babban yana da wuraren da ya fi shi, zan kuwa faɗa maka su.

Abin da ke jan hankalin kowa shi ne wannan 25 ɗin. Mutum yana ganin in madubi ya jawo masa dabba sau 25, ai magana ta ƙare. To ba a nan gizo ke saƙar ba. Madubi ba dabbar kaɗai yake jawowa ba, har rawar hannunka da bugun zuciyarka yana ninkawa. A kan 25 za ka ga gicciyen saiti yana tsalle a jikin barewa duk lokacin da ka ja numfashi. In kuma rana ta take, ƙasa ta ɗau zafi, kawalwalniya sai ta cika maka gilashi, hoton ya riƙa malala kamar ana kallonsa ta cikin ruwa, dole ka sauko zuwa 12 ko 15. A kan 15, dabbar da ke mita 500 za ta zo maka kamar tana mita 33. Wane maharbi ne zai kasa gane kafaɗar barewa a mita 33?

Lambar farko ce ta fi damuna, 3 da 5. Dabba ba ta yi alkawarin za ta tsaya nesa ba. Wata rana kana tafiya sai ta tashi gabanka a mita 40. A kan 3, yawancin madubai irin wannan suna nuna maka faɗin mita 12 ko 13 a nisan mita 100. A kan 5 kuwa, wajen 7 ne ko 8. Da ƙaramin, kana ɗaga bindiga ta shigo gilashi. Da babban sai ka yi ta lalube cikin ganye har ta ɓace.

Wajen haske babban ya yi zarra. Lissafin ba wuya: raba faɗin gilashin gaba da yawan jawowa, ka samu faɗin ɗigon hasken da ke isa idonka. A kan 10, mai 56 yana ba da milimita 5.6, mai 44 yana ba da 4.4. Da asuba ko gab da magariba, lokacin da namun daji suka fi fitowa, wannan bambancin yana iya ƙara maka 'yan mintoci na gani. Sai dai ƙwayar idon matashi takan buɗe har milimita 7 a duhu, ta mai shekaru kuwa sau da yawa ba ta wuce 5, abin da ya haura haka ya zube a banza. Kuma ingancin gilashin da shafen da aka yi masa sukan rinjayi faɗi. 44 mai kyau ya fi 56 mai hazo. Kaurin bututu ba ya ƙara haske, kada a ruɗe ka da wannan. Amfanin 34 shi ne yana ba da sarari a ciki don ɗaga saiti sosai, abin da masu harbin allo a mita 1,000 ke bukata. Harsashinka, in ka daidaita shi a mita 100, faɗuwarsa a 500 tana tsakanin mil 3.5 da 4 (mil a nan ma'aunin saiti ne, ba na nisan hanya ba: mil ɗaya santimita 10 ne a mita 100), gwargwadon nauyinsa da gudunsa. Bututun 30 zai ɗauki wannan har da saura.

Yanzu ga inda nake so ka tsaya ka karanta a hankali, batun gaba da baya. A madubin FFP, layukan saiti suna girma tare da hoton. Ka ƙara jawowa su ƙaru, ka rage su ragu. Saboda haka zane ɗaya mil ɗaya ne ko kana kan 6 ko kana kan 25, ba ruwanka da duba zoben jawowa kafin ka ɗora. Wannan ba ƙaramin alheri ba ne, musamman wajen iska, don ba kowa ke samun lokacin murɗa majuyin gefe ba, da zanen ake riƙewa. Aibinsa yana ƙasa: a kan 5 layukan sukan sirance kamar zaren gizo-gizo, in bayan dabbar duhun kurmi ne sai ka neme su ka rasa, sai in madubin yana da fitilar ciki mai haska gicciyen.

A SFP layukan ba sa canzawa, kullum baƙi ƙirin, a fili suke ko da duhu ya fara. Amma zanen ba ya faɗin gaskiya sai a mataki ɗaya, galibi na ƙarshe. In an auna shi a kan 15, kai kuma kana kan 7.5, kowane zane ya zama biyu. Wannan ya taɓa cina. Na rage jawowa don in nemo dabba a gefen tudu, na same ta tsaye tana kiwo, na ɗora zane na biyu kamar yadda takardata ta lissafin faɗuwar harsashi ta ce, na danna kunama. Sai ƙura na gani ta tashi can sama da bayanta. Da na sauke bindiga na dubi zoben, yana tsakiya, ban mayar da shi ƙarshe ba. Na gode wa Allah da kuskurewa na yi gaba ɗaya, ban raunata ta ba.

To me ya sa duk da haka na ce ƙaramin? Don 15 mataki ne da za ka iya zama a kai a duk harbin nesa. Ka mayar da shi ɗabi'a: nisa ya wuce mita 250, zobe ya tafi ƙarshe, shi ke nan zanenka daidai yake. Da SFP ɗin mai 25 ne da ban ba ka wannan shawarar ba, domin zai tilasta maka zama inda kawalwalniya da rawar hannu suka fi yawa. In kuma ka ci karo da 3-15 ko 4-16 mai FFP da fitila, to ka haɗa alherin biyun a wuri ɗaya, ka duba shi da kyau.

Ma'aunin saiti iri biyu ne, mil da MOA, kowanne yana aiki. Ƙas ɗaya na majuyin saiti, mai 0.1 mil, santimita 1 ne a mita 100, santimita 5 a mita 500. Ƙas na kwatan MOA kusan milimita 7 ne a mita 100. Tunda da mita kake lissafi, mil zai fi maka sauƙi a kai. Ka dai tabbatar ma'aunin da ke jikin majuyi shi ne a jikin layuka.

Nauyi kuma sai wanda ya yini da bindiga a kafaɗa ya san shi. Ƙaramin yakan yi giram 600 zuwa 700, babban yakan kai kilo ɗaya ko ya ɗara. Ga shi gilashin 56 yana bukatar dogayen zobban ɗauri, sai kuncinka ya ɗaga daga gindin bindiga, kai yana lilo ba madogara. Duk wanda ka ɗauka, ka nemi mai tazarar ido wajen santimita 9, don kada bindiga ta yi baya bakin madubi ya tsaga maka gira. Ka nemi mai majuyin faralaks a gefe, wanda ke hana gicciye gocewa daga kan dabba in idonka ya ɗan motsa, da mai birkin sifili, wanda in ka ɗaga saiti ka dawo zai tsaya cak inda ka fara.

Akwai abin da babu ɗayansu da zai yi maka. A mita 500 harsashin .308 yana yin fiye da rabin sakan a hanya, dabba tana iya taka ƙafa ɗaya a wannan lokacin. Iskar gefe mai gudun kilomita 16 a awa tana ture shi fiye da rabin mita, alhali makasar barewa, huhu da zuciya, ba ta wuce faɗin santimita 20 zuwa 25 ba. Ina roƙonka, kada ka kai wa mai rai harbi a nisan da ba ka saba zuba harsashi cikin faɗin nan a jikin allo ba. Na'urar auna nisa ma dole ce, ido ba ya raba 430 da 480.

Kafin ka amince da kowanne, sai an gwada akan san na ƙwarai. Kafa dogon kwali a mita 100 cif, ka rataya igiya da dutse ka ja miƙaƙƙen layi daga sama zuwa ƙasa, ka yi ɗigo a gindinsa. Harba uku a ɗigon. Murɗa majuyin sama mil 5, ka sake saita ɗigon nan dai, ka harba uku. Ya kamata su sauka santimita 50 a sama, a kan layin. In MOA ne, murɗa 15 ka nemi kusan santimita 43.6. In sun karkace gefe, an ɗaura madubin a karkace, kwance shi ka gyara. In sun gaza ko sun zarce da yawa, majuyin ne ba ya cika awo. Sannan ka dawo sifili ka ƙara uku, su koma cikin na farko. In 3-15x44 ɗin ya ci wannan jarrabawar, ɗaura shi. Ka turo mana hoton kwalin mu duba tare.