Yawon Dry Falls da ɗan jagora: kuɗin ya yi halal amma akwai gyara

Jama'a duk wanda ya je jihar Washinton ta Amurka yana son ganin Dry Falls, don Allah kada ya je shi kaɗai, ya biya masu yawon jagora ɗin nan. Idan ba wanda zai maka bayani wallahi busassun duwatsu kawai za ka gani ka ce an cuce ka.

Jagoran namu ya san aikinsa. Ya tsayar da mu a bakin wani rami mai faɗin wajen kilomita 5 da rabi, zurfinsa kusan mita 120, ba ɗigon ruwa da ke zuba, ya ce wai a da nan magangarar ruwa ce da ta ninka shahararriyar magangarar Niyagara sau da yawa. Shekaru wajen 15,000 da suka wuce ƙanƙara ta toshe kogin Clark Fork, ruwa ya taru ya zama tafkin Missoula a Montana, toshiyar na ballewa sai ruwan ya kwararo ta yankin kogin Kolombiya ya kankare ƙasa har ya tarar da dutse, kuma ba sau ɗaya ba, sau gomomi abin ya faru. Wani masanin duwatsu mai suna J Harlen Bretz ne ya fara faɗin haka a 1923 masana suka yi ta masa dariya, sai 1979 suka ba shi lambar yabo ta Penrose yana tsoho tukuf.

Abin da ya fi burge ni shi ne Yeager Rock, wani baƙin dutse kamar ɗaki zaune shi kaɗai a tsakiyar gonakin alkama, ƙanƙara ce ta jawo shi ta narke ta bar shi a wurin. Na dafa shi, kaushi gare shi duk ya tsattsage.

Inda suka gaza kuwa gaggawa. A Vantage inda itatuwa suka zama dutse tun shekaru miliyan 15, shaidar cewa a da can wurin dausayi ne mai ruwa da dazuka, ko hoto ba mu gama ɗauka ba direba ya hau danna hon, alhali an ɓata mana lokaci a shagon tsaraba. Ga esin motar ba ya sanyi kuma wurin ba inuwa, rana ta gasa mu.

Duk da haka zan ba su huɗu cikin biyar. Ku riƙe ruwan sha da yawa da hula, ku zauna kusa da jagoran don lasifikar ba ta kaiwa baya.