Mesar daji da mesar akwati, wacce ce wacce?

Salam 'yan uwa. Wani ɗan uwa ya yi tambaya, yace masu yi masa aikin gona sun tono wata 'yar mesa a cikin tsohon suri, ana taɓa ta ta dunƙule ta ƙi motsi, shi kuma yana yawan ganin irinta a bidiyo a hannun turawa, wasu farare wasu ruwan ɗorawa, wai shin iri ɗaya ne, kuma in iri ɗaya ne zai iya ajiye tasa a gida?

Toh malam, kafin komai dan Allah ka tabbatar abin da ke hannunka. Kasa ma gajeriya ce mai kauri, mutane na rikita su, ita kuma kasa dafinta ba wasa ba. Kan kasa faffaɗa ne mai kusurwa uku, jikinta kaushi, in ka matso sai ta kumbura tana huci. Wannan da kake magana jikinta sulɓi ne yana ƙyalli, baƙi da ruwan ƙasa da ɗigon ruwan zinare a gefe, ba ta da dafi sam, in ta tsorata sai ta naɗe kamar gammo ta cusa kai a tsakiya, shikenan faɗanta ya ƙare. Akwai kuma ɗan babbar mesa da yake kama da ita yana ƙarami, shi wannan in ya girma yana wuce mita 4 kuma baya ɗaukar raini. Ita tamu, wadda masu kiwo ke kira bol faiton, masana kuma Python regius, yawanci tsakanin mita 1 ne zuwa 1 da rabi, da wuya ta kai mita 2, kuma mata sun fi maza girma.

In ita ce, toh eh iri ɗaya ce da ta bidiyon, jini ɗaya. Asalinsu duk nan ne, daga Senegal ka biyo Mali, Ghana, Togo, Benin, Najeriya, Kamaru, Chadi har Sudan da Yuganda. Amma rayuwar biyun ta sha bamban sosai, kuma inaga nan ne amsarka take.

Fara da wurin zama. Ta daji ba ta haƙa rami da kanta, ramin gafiya ko na kurege take samu ta shige, ko tsohon suri irin wanda aka tono taku. Mutane na cewa ai maciji na son zafi, gaskiya ne amma ba irin zafin da muke tunani ba, ita wuni take a can ƙasa inda akwai sanyi-sanyi da laima ko da waje na ƙuna, sai dare ya yi ta fito. Zafi ya yi yawa ta ƙara nutsawa ciki, sanyi ya yi ta matso baki. Kullum tana da zaɓi. Ta akwati kuwa abin da ka ba ta shine duniyarta. Shi yasa masu kiwo suke yin akwati mai ɓangare biyu, gefe ɗaya ɗumi wajen digiri 31 zuwa 33, ɗaya gefen wajen 25 zuwa 27, kowane gefe da maɓoya matsattsiya wadda jikinta zai riƙa taɓa bango, da kwanon ruwa, a shimfiɗa ɓawon kwakwa ko wani abu mai riƙe laima, laimar kuma kada ta sauka ƙasa da kashi 55 zuwa 60 cikin ɗari. Bature matsalarsa yadda zai ɗumama akwatin. Mu namu akasin haka ne, ɗaki mai rufin kwano a watan Afrilu a Kano ko Maraɗi ai ya wuce abin da za ta iya ɗauka, kuma ba ramin da za ta gudu, zafi yafi saurin kashe ta akan sanyi. Hunturu kuma ya zo ya busar da komai, sai kaga ta zo yin saɓa fatar ta ƙi fita gaba ɗaya, ta maƙale a ido da bakin wutsiya. Mai lafiya idonta zai yi fari-fari kamar hazo na 'yan kwanaki, sannan ta goga hanci a wani abu ta zare fatar ɗungurungum. In kaga saɓa na fita gutsi-gutsi toh iskar ta bushe.

Abinci, nan ne mutane ke karaya. A daji tana cin ɓeraye iri-iri, jaba, 'ya'yan gafiya da tsuntsaye. Wani bincike da aka yi a kudu maso gabashin Najeriya ya nuna maza sun fi hawa bishiya su ci tsuntsu, mata sun fi tsayawa ƙasa akan ɓera, kaga ashe ba kwance take wuni da kwana ba kamar yadda wasu masu sayarwa ke faɗa don su ajiye ta a 'yar kwantena. Tana da wasu ƙananan ramuka a leɓenta na sama masu jin ɗumin jikin dabba a duhu, ta cafke ta naɗe ta matse sannan ta haɗiye ta wajen kai. Wadda aka ƙyanƙyashe a akwati tun tana 'yar mitsitsiya an saba mata da ɓeran kiwo, yawanci ma matacce ne daga firiza, a narkar a ɗan ɗumama a miƙa mata da awartaki, ƙarama duk sati, babba duk kwana 10 zuwa sati biyu. Ba a son barin rayayyen ɓera da ita a akwati, domin in ba ta jin ci ɓeran ne zai koma yana gaigayarta, kuma tana kwance tana kallo. Ta daji da aka kamo tana babba fa? Wallahi wata sai ta yi watanni ba ta ci ba, ƙamshin ɓeran bai mata ba, wurin bai mata ba, ga tsoro. Su kansu na kiwon sun shahara da yajin cin abinci, balle wadda aka fizgo daga raminta. Kuma kada kace zaka riƙa kama mata ɓeran gida, kasan yadda muke zuba maganin ɓera, ta ci mai guba ita ma ta tafi.

Lafiya ma haka. Ta daji kusan kullum tana zuwa da kaska a tsakanin ɓawon jikinta da tsutsar ciki, a daji tana iya rayuwa da su, amma in ta shiga ƙunci ta daina ci sai su fi ƙarfinta. Likitan dabbobi wanda ya san maciji kuma ba kowane gari ake samu ba. Ta kiwo tafi tsafta ta wannan fannin, sai dai ita ma da nata, ciwon numfashi da ruɓewar baki in akwatin ba daidai ba. Duka biyun suna iya ɗauke da ƙwayar salmonela mai sa gudawa da zazzaɓi, dole a wanke hannu da sabulu bayan taɓawa, kuma ba abin ba yara ƙanana bane.

Launin da ka gani a bidiyo kuwa aikin masu haɗa iri ne. A daji jifa-jifa ana samun zabiya ko mai wani launi daban, amma irin wannan ba ta cika daɗewa ba tunda kowane shaho na hango ta. Irinsu aka riƙa tsinta ana kaiwa Amurka da Turai. Wani ba'amurke Bob Clark shi ya fara samun zabiya ta hanyar kiwo a 1992, daga nan abin ya zama kasuwa, yanzu launukan da aka haɗa sun kai dubbai, wasu ana sayar da su dubban daloli lokacin da suke sababbi. Ni dai a nan ina da ja. Akwai wani launi mai zane siriri da suke kira sifaida, kyau kam akwai, amma yana tafe da lalurar jijiya, kan macijin na karkarwa yana juyewa, wani ko abinci sai ya kai sara ya kuskure. Wata ƙungiyar masu kiwo a Ingila ta hana sayar da shi a bajekolinta a 2018, amma har yau wasu na haɗawa saboda kuɗi.

Kada kuma a ɗauka kasuwar ba ta taɓa ta daji. Togo da Benin da Ghana su ne manyan masu fitarwa, an fitar da miliyoyi tun shekarun 1970. Mafarauta na bin ramuka da rani, wajen Fabrairu zuwa Afrilu lokacin da mata ke yin ƙwai, tana yin kamar 3 zuwa 11 ta naɗe su tana kwanci kusan wata biyu ba ta ci, sai a kwashe ƙwan ko ita mai cikin a kai gidajen ajiya, in sun ƙyanƙyashe a loda jariran a jirgi. Ga masu kama ta don nama da fata da magani. Tana cikin rukuni na biyu na yarjejeniyar CITES mai kula da cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, wato ba a ƙetare iyaka da ita sai da takarda, kuma a 2021 ƙungiyar kare halittu ta duniya IUCN ta saka ta a jerin waɗanda suka kusa shiga barazana. Abin mamaki a yankin da ake kwasarta a nan aka fi girmama ta, a garin Wida na Benin akwai ɗakin bauta guda cike da su, a wasu garuruwan Ibo kuma ba a kashe ta, in an kashe bisa kuskure har jana'iza ake mata.

Sai tsawon rai, wanda yawanci ba a lissafawa. A akwati shekara 20 zuwa 30 abu ne da aka saba, akwai wata a gidan zu na Sent Luwis a Amurka da ta kai kimanin shekara 62, har ta yi ƙwai 7 a 2020 bayan ta shafe sama da shekara 15 ba ta haɗu da namiji ba. A daji ba ta kai haka, tun tana ƙarama tsuntsaye da sauran dabbobi ke cinye da yawa, ga gobarar daji ga fartanya. Kenan mai ɗaukar ta kiwo ya san shekara da shekaru zai yi yana neman ɓera, kuma ba sabo za ta yi da shi irin na kyanwa ba, iyakaci ta daina tsoron hannunsa. Ka kuma tambayi mutanen gida tukuna, ba kowace uwargida za ta yarda a sa mata ɓera a firiza ba, maƙwabta ma in suka ji sai an yi zama.

Shawarata malam, wadda ke hannunka ka mayar da ita. Ka sa ta a buhu mai shan iska, ka kai ta da yamma kusa da inda aka tono ta, gefen gona inda akwai ciyawa da ramuka, ka kwance bakin buhun ka matsa, kuma ka ja kunnen yaran aikin kada su bi ta da sanda, ɓerayen da ke ɓarnar hatsinka ita ke rage maka su kyauta. In kuma sha'awar kiwon ce da gaske, ka fara haɗa akwati ka sa ma'aunin zafi da na laima a ciki ka ga yadda suke karantawa a bazara da hunturu, ka samu inda zaka riƙa samun ɓeran kiwo, sannan ka nemi ƙarama wadda aka ƙyanƙyashe a hannu, kuma kace mai sayarwa ya ba ta abinci a gabanka ka ga ta ci kafin ka biya.