Matashin ya yi, amma gashin ya ƙona min rai

Da matashin ɗaga gashin kaɗai masu sayarwar suka sa a kwalin nan, wallahi taurari biyar zan ba su ban ko tsaya tunani ba. Kayan haɗa gashin ƙari ne na irin gyaran kan matan fadar Faransa, wanda ya tashe bayan Mari Antuwanet ta zama sarauniya a 1774, lokacin da mai gyaran gashinta Leonard yake ɗora gashi sama har mace sai ta sunkuya kafin ta shiga keken doki. Ni nake shirya wa 'yan wasanmu na dandamali kaya, kuma wadda za ta fito a sarauniya gashinta bai kai ya yi wannan tudu shi kaɗai ba, shi ya sa na yi odarsa. A ciki akwai matashi, da raga, da fil, da hoda, da ƙullin gashin roba.

Matashin dai an yi shi da hankali. Ulu aka cusa a cikin raga mai laushi, gaba ya fi tudu, baya ya kwanta ya bi keya. Na ji tsoron soso zan tarar a ciki, don soso ba ya riƙe fil, kana sokawa yana turo maka shi waje, ga zafi. Ulu kuwa fil na shiga sai ya kama shi. Haka ma mutanen wancan zamanin suke yi, ulu ko gashin doki suke cusawa, wani lokacin da waya a ciki, sai a taje gashin mace a rufe shi. Kusan aikin acuci maza yake yi, sai dai shi a ƙarƙashin gashi yake zama. Na raba mata gashi daga kunne zuwa kunne, na yi ƙaramin kitso a tsakiyar kai don fil ya sami abin kamawa, na ɗora matashin na soke shi ta ko'ina. Ta girgiza kai, ta sunkuya, ta juya da sauri, ko motsi bai yi ba. Ta ce min, "Anti, kamar ba komai a kaina." Raina ya yi fari ƙal.

Sai na zo kan gashin. A jikin ledarsa an rubuta ɓaro-ɓaro cewa yana jure zafi har digiri 180. Wannan rubutun ne ma ya sa na zaɓi kayansu na bar na wasu, domin gyaran nan ba ya cika sai da naɗaɗɗun gashin nan masu kama da bututu da ake jerawa a gefen kai da bayan kunne. Na gama ɗinke gashin a jikin raga da allura da zare, layi bayan layi, aikin da ya cinye min dare har yatsuna suka yi tsami. Na kunna ƙarfen naɗi a mafi ƙarancin zafinsa, na ɗauki silin farko na naɗa. Ko ƙirga uku ban yi ba na ji ƙauri. Gashin ya tsuke, ya dunƙule, ya manne a jikin ƙarfen yana hayaƙi, ɗakin ya cika da warin ƙonanniyar leda. Da na ja, sai ya biyo ni yana zare-zare, ya bar baƙin tabo a gefen da na fi wahala a kai. Na zauna riƙe da shi hawaye na neman zubo min. Ƙarfen ma sai da na kankare shi da wuƙa bayan ya huce.

Me ya sa za a rubuta abin da ba haka ba? Da sun ce gashin roba ne na yau da kullum, ai kowa ya san maganinsa: a naɗe shi a jikin sanda, a tsoma a ruwan zafi, a bari ya bushe sarai kafin a warware. Masu haɗa hular gashi na wancan zamanin ma kusan haka suke yi wa gashin mutum, su naɗe shi a kan 'yan sandunan yumɓu ko na katako, su dafa, su busar a tanda. Ruwan zafin na koma wa da abin da ya rage, kuma naɗin ya kama, ba zan yi musu ƙarya ba. Amma wanda ya ƙone ya ƙone, dole na farke ɗinkin gefe guda na sake, gashin kuma bai ishe ni ba, naɗin hagu ya fi na dama siriri. Na tura wa mai sayarwa hoton ɓarnar. Amsar da na samu layi ɗaya ce, wai in bi umarnin da ke jikin leda. Umarnin da na bi kenan fa!

Tunda na fara, bari in faɗi sauran. Launin ma bai yi ba. Fari fat suka aiko, yana ƙyalli, alhali duk wanda ya kalli zanen matan nan da kyau zai ga gashinsu toka-toka yake, saboda hodar sitaci ce ake barbaɗawa a kan gashinsu na asali bayan an shafe shi da man da aka yi da kitsen dabba da turare. Man ne yake riƙe hodar. Kwalin nan akwai hoda, babu mai, kuma babu inda aka faɗa. Na barbaɗa, ta zube duk a kafaɗar rigar. Sai da na murza ɗan man gashi a tafin hannu na shafa sama-sama, na sake barbaɗawa da burushi mai laushi, sannan ƙyallin ya mutu, launin ya ɗan haɗu da nata. Fil ɗinsu kuma sirara ne, suna lanƙwashewa, nawa na yi amfani da su.

A ƙarƙashin fitilar dandamali kan ya tsaya, an saka gashin jimina da ribom, mutane sun yaba. Da na ga haka har na fara cewa a raina ko in ba su taurari huɗu. Sai idona ya kai kan naɗin hagun nan, ɓacin ran ya dawo sabo. Biyu na ba su, kuma albarkacin matashin ne. 'Yar uwa, in kin riga kin saya, ki yanki ɗan sili ki gwada shi a kan ƙarfe tun kafin ki ɗinka komai, kar ki yarda da rubutun ledar. In ba ki saya ba, ki nemi ulu ki cusa a tsohuwar safa mai shara-shara ki ɗinke bakin, ki sayi gashinki daban a wurin da za ki taɓa shi da hannunki.