Tafiya ƙasar waje da kyanwa ko kare: abin da za ka zaɓa kafin ka yanki tikiti

Bara 'yar yayata ta tashi bin mijinta Faransa daga nan Garwa, ta ce ba inda za ta ba tare da kyanwarta ba. Katin allurar kyanwar a cike yake, shekara uku ba fashi. Saura sati biyu tafiya muka je neman takardar lafiya, likitan ya shafa wuyan kyanwar da wata 'yar na'ura, shiru. Ya ce, "Hajiya, ba ta da ƙwaya a jiki. A wurin Turawan nan duk alluran da ke katin nan kamar ba a yi su ba ne." Ta juyo ta dube ni, ido ya cika da ƙwalla, ta ce, "Kawu, to yanzu yaya ke nan?" Haka ta hau jirgi ita kaɗai, kyanwar ta zauna a gidana.

Tun daga ranar na gane cewa a wannan harka tikiti shi ne abu na ƙarshe da ake saya. Ƙasar da za ka ita ke faɗa maka abin da za ka kashe wa kuɗi, da ranar da za ka fara.

Ƙwayar da likitan yake nufi ita ce wadda likitocinmu ke ce wa puce da Faransanci. Girmanta kamar ƙwayar shinkafa, ana tura ta ƙarƙashin fata da allura, tana ɗauke da lambar dabbar. Iri-iri ne a kasuwa. Wadda za ka nema ita ce mai jerin lambobi 15, wadda ta dace da ma'aunin ISO 11784 da 11785, domin ita na'urorin filayen jirgin sama suke karantawa. Kada araha ta ja ka zuwa wata. Ka tsaya a gabanka a saka, a gabanka a karanta, ka gwada lambar da ta fito da wadda aka rubuta a kati, ɗaya bayan ɗaya. Sannan a yi allurar ciwon haukan kare, ko a ranar ko bayanta, amma ba kafin ƙwayar ba. Allurar da ta riga ƙwaya ba ta shiga lissafi.

Ita kanta allurar akwai zaɓi. Ta gangamin gwamnati tana da amfani ƙwarai. A Injamena an yi gangamin yi wa karnukan gari allura a 2012 da 2013, cutar ta ja baya sosai. Amma mai niyyar ƙetare iyaka ya je wurin likitan dabbobi mai lasisi, wanda zai manna takardar kwalbar maganin a kati, da lambarta da ranar ƙarewarta, ya sa hannu ya buga hatimi. Ka kuma tambaya inda aka ajiye maganin. A zafin Maris da Afrilu na Garwa da Marwa, ga ɗauke wuta, allurar da ta kwana ba sanyi tana iya zama ruwa kawai, kuma gwajin jini zai tona.

Gwajin jinin nan shi ne babban abin da ya raba ƙasashe. Tarayyar Turai ba ta sa Kamaru ko Cadi ko Najeriya cikin ƙasashen da ta yafe wa gwajin ba. Dole dabba ta kai sati 12 kafin a yi mata allura. Bayan allura a jira aƙalla kwana 30 a ɗebi jini, a aika ɗakin binciken da Tarayyar ta amince da shi, sakamako ya kai 0.5 a ma'auninsu ko ya wuce. Daga ranar da aka ɗebi jinin kuma sai an cika wata uku kafin dabbar ta shiga. Ka haɗa lissafi: wata huɗu ke nan idan komai ya tafi daidai, kuma ɗan kwikwiyo ko 'yar kyanwa ba za su shiga ba sai sun kai wata bakwai. Kafin ka biya kowa, ka sa ya nuna maka sunan ɗakin binciken a jerin da Tarayyar ta wallafa a intanet. Sakamakon wani wuri, ko ya fi sauri ko ya fi sauƙin kuɗi, takarda ce ta banza a bakin iyaka. Daɗin abin shi ne gwajin sau ɗaya ake yi, muddin ba ka bari allurar ta ƙare kafin ka sabunta ba. Ka makara, an koma farko.

Takardar lafiya ta ƙarshe likitan gwamnati ne ke tabbatar da ita. A Kamaru aikin ma'aikatar kiwo ne, MINEPIA. Kwana 10 kawai take yi zuwa lokacin da za a duba ku a ƙofar shiga Turai, saboda haka kada ka yi gaggawar karɓarta, musamman in za ka bi jirgin ƙasa daga Ngaundare zuwa Yawunde kafin ka tashi.

Amurka ta fi tsanani a kan kare, ta fi sassauci a kan kyanwa. Tun 1 ga Agusta 2024 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce duk karen da zai shigo sai ya kai wata shida, yana da ƙwaya, an cike masa fom a intanet. Wanda aka yi wa allura a ƙasa irin tamu, da suke lissafawa cikin masu haɗarin cutar, sai an kama masa wuri tun kafin tafiya a cibiyar kula da dabbobi da hukumar ta yi wa rajista, ya sauka a filin jirgin da cibiyar take, a duba shi a sake masa allura da kuɗinka. In ba shi da sakamakon gwajin jini, za a killace shi kwana 28, nan ma kai za ka biya. A ganina yin gwajin tun daga gida ya fi killacewar nan ta kowace fuska. Ingila kuwa ba ta yarda dabba ta shigo ta jirgi a gefen mai ita, sai dai a matsayin kago, wato kayan da ake turawa daban ba tare da fasinja ba, in ban da karen da ke yi wa naƙasasshe jagora.

Wannan ya kawo mu ga zaɓin da mutane suka fi tambaya: dabba ta zauna tare da kai a wurin fasinja, ko a ƙasan jirgi wurin kaya, ko a tura ta kago.

In kyanwa ce ko ƙaramin kare, wurin fasinja ya fi komai. Air France da Turkish Airlines suna karɓa in nauyin dabbar haɗe da jakarta bai wuce kilo 8 ba. Tana ƙarƙashin kujerar gabanka, kana jin motsinta, ba ta zaman jira a kan kwalta cikin rana. Sai dai gurbin dabbobi kaɗan ne a kowane jirgi, ka kira ka kama tun da wuri, ka karɓi amincewarsu a rubuce. Babban kare sai ƙasan jirgi. Wurin yana da iska da ɗumi daidai, ba nan matsalar take ba. Haɗarin yana lokacin lodi da saukewa da canjin jirgi, shi ya sa jirgin dare kuma mai tafiya kai tsaye ya fi wanda zai ajiye ka Istanbul ko Adis Ababa ka yi sa'o'i, ko da ya ɗan fi tsada. Dabbobi masu gajeren hanci, irin kyanwar Farisa da karen buldog, numfashi na yi musu wuya, Air France ba ta ɗaukarsu a ƙasan jirgi. Kago shi ne mafi tsada da yawan takardu, ana komawa gare shi ne in dole ta kama. Mu ma mun so mu aika kyanwar daga baya, sai muka tarar Turai tana ɗaukar dabba a matsayin ta gida ne kawai in tafiyarta ba ta yi nisa da ta mai ita fiye da kwana biyar ba. Ta wuce haka, dokokin fataucin dabbobi sun hau kanta.

Keji kuma, na san mai walda a unguwa zai haɗa maka mai kyau da kuɗi kaɗan, amma ma'aikacin jirgi na iya mayar da kai daga kanta. Ka sayi na roba mai tauri wanda ya dace da ƙa'idar IATA, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya: ƙofar ƙarfe mai kulle sama da ƙasa, kusoshi masu ɗaure sama da ƙasan kejin, ramukan iska, ba taya. Dabbar ta iya tsayuwa kanta bai taɓa rufi ba, ta juya, ta kwanta. Na hannu ma ya yi in bai tsage ba. Ka sayo shi da wuri ka ajiye a tsakar gida a buɗe, ka riƙa sa abinci a ciki. Kyanwar 'yata da farko ko kusa ba ta zuwa. Da muka shimfiɗa tsohon ɗankwalin uwar ɗakinta a ciki, kwana uku muka same ta tana barci a can. Kuma don Allah kada ka ba dabba maganin barci don tafiya, yana sauke hawan jini ya danne numfashi a sama.

Dillali ko da kanka? Kyanwa ɗaya zuwa Turai, mai haƙuri zai iya da kansa. Kago zuwa Ingila ko kare zuwa Amurka, gara ka nemi kamfanin da aikinsa ke nan. Duk wanda ya ce zai samo maka takarda ba tare da an ga dabbar ba, ko zai mayar da kwanan wata baya, ka guje shi. In aka gano, dabbar ce za a killace ko a mayar, wani lokaci ma a kashe.

Ko gadar Ngeli za ka haye daga Kusiri zuwa Injamena, ko Yola za ka, ka riƙe katin allura da takardar lafiya, jami'an dabbobi na da hurumin tambaya. Aku kuwa, mai toka da jan wutsiya da muke ajiyewa a gidaje, maganarsa daban. Tun Janairun 2017 yana cikin jeri na farko na yarjejeniyar CITES mai kare namun daji daga fatauci tsakanin ƙasashe, fita da shi sai da izinin ma'aikatar gandun daji da na ƙasar da za shi, kuma wanda aka saya a kasuwa ba takardar asali da wuya ya samu.

Akwai zaɓin da ba a so a faɗa: barin dabbar a gida. Tsohon kare da ya saba da fili da gadi, a kai shi ɗaki a bene cikin sanyi, ban ga gatan da aka yi masa ba. In tafiyar ta 'yan watanni ce, ɗan'uwa mai amana ya fi masa keji. Amma in zama za ka yi kuma ranka na tare da dabbar, ka fara yau. Mu a satin da 'yata ta tafi aka sa ƙwaya aka sake allura, bayan wata guda aka ɗebi jini. Da ta zo hutun Babbar Salla wata ukun sun cika, ta ɗauki kyanwarta a jaka a kafaɗa, ɗankwalin nan yana ciki.